Fura Ta Kwana, Waƙar Inna

Kwanan baya na ji 'yata Ummi tana gaya wa ƙawarta wai “Fura Ta Kwana” waƙar wani tsohon fim ce, su kuma 'yan fim daga Indiya suka ɗauko ta. Ban tanka ba, domin ba a gyara wa yarinya magana a gaban baƙuwarta. Amma na ga idan na tafi da abin da na sani, zancen Ummi ne zai zauna. Shi ya sa na ware wannan babin domin waƙar nan, da kakarku Inna wadda ta yi ta, da shekarar da aka so a fasa wa gwaggonku Asabe ƙoren kiɗanta a gaban jama'a.

Ni ne ɗan farin Inna, kuma a zamaninsu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi, ba ta nuna ta damu da shi. Ku da iyayenku mata ke ɗaukar ku hoto suna kiran ku da sunaye kala-kala, zai yi muku wuya ku gane wannan kunya. Tun da na yi wayo Inna ba ta taɓa duban idona ta yi mini magana ba. Idan tana son in ci abinci, sai ta ce wa bango, “Ga tuwo can yana hucewa.” Mahaifina shi ne limamin ƙauyenmu, gabas da Aujara, zaurensa kullum cike da masu ɗaukar karatu, kuma ya so in gaje shi. Ni kuwa mota ce ta shiga raina. Da na zama saurayi na bi wani direba a matsayin karen mota. Ranar da zan tafi na tarar da Inna a durƙushe kan dutsen niƙa, na yi mata sallama. Ba ta ɗago ba. Ta ce wa dutsen, “A sauka lafiya,” ta ci gaba da niƙanta. Na daɗe ina zaton iyakar abin da tafiyata ta yi mata ke nan.

Shekaru suka wuce, na zama direban kaina, ina jan goro da atamfa da shanu tsakanin Kano da Injamena da Garwa, daga baya har Kwatano da Kumasi. A hanya na tsinci Larabcin Chadi da Fulatanci da Yarabanci da Faransancin da ya isa in yi gardama da jami'in kan iyaka. A tashar Injamena na fara jin waƙar, a kaset ɗin wani mai kukuma. Direbobi sun kewaye rakoda, kowa ya yi shiru kamar ana karanta masa saƙon gida.

Fura ta kwana, mai ita bai zo ba,
Na rufe da faifai, rana ta yi biyu.
Mota ta yi gabas, ba ta tambaye ni ba,
Wanda ba na kira, Allah kira mini shi.

Dukanmu mun ɗauka matar direba ce ke jiran mijinta, tun da mace ba ta kiran sunan miji. Kowa ya sayi kaset ɗin yana cewa da shi ake. Ni ma na saya, na haddace. Da na zo gida hutun salla, ina wanke mota a ƙofar gida ina rera ta a hankali, sai ga Asabe ta fito da tulu. Ta tsaya tana kallona, ta sauke tulun don kada dariya ta sa ta fasa shi.

“Yaya, a ina ka samo wannan?”

“A Injamena. Ke ina kika san ta, kina nan ƙauye?”

“Ni? Ai da ita aka yi mini kitson aure. Kai dai Allah ya ba ka ƙafa, ya hana ka kunne. Waƙar Inna ce fa. Wa kake tsammani ba a kira a gidan nan?”

Na ce, “Malam mana,” ina nufin mahaifinmu.

“Malam yana zaure dare da rana, wace mota ce ta yi gabas da shi?”

Na tsaya da soso a hannu. Asabe ta matso ta rage murya, ta ce tun daminar da na tafi Inna ta fara ta a kan dutse, kuma kullum sai ta dama fura ta rufe da faifai ko zan dawo, in ta kwana a ba yara. Ta ce in rufa mata asiri, idan Inna ta san na sani, ita ce za ta sha faɗa.

Daga ranar na zama mai bin sawun waƙar, yadda makiyayi ke bin sawun saniyarsa da ta shiga garken wani. Matan gidanmu ne suka fara ɗauka daga bakin Inna, suka kai ta gidajen biki, suka ɗora ta a kan kiɗan ƙwarya, ta ƙara sauri. Mai kukuman nan, wanda aka ce mini mutumin wajen Miga ne, ya ji ta ta bayan katanga a wani biki, ya tafi da ita Kano, ya ƙara mata sunayen tashoshi da kirarin direbobi. A Garwa na ji Fulani suna yin ta da sarewa, da Fulatanci, amma su garke ne ya yi nisa, nono kuma shi ne ya kwana. A zangon Kumasi na ga samari da jita da bigila sun mayar da ita kiɗan rawa, mata da maza a fili, rabin kalmomin Hausa rabi harshen garin. Na tambayi mai jitar inda ya samo, ya buga ƙirji ya ce kakansa ne ya yi ta. Na ce Allah ya ji ƙan kakan. A Kano kuma 'yan bandiri suka cire furar da motar, suka sa Madina a gabas ɗin, ta zama begen Manzon Allah, har na ga dattawa suna kuka. Lokacin zaɓe ma wani ɗan takara ya sa an yi masa ita, shi ne wai mai furar da jama'a ke jira, bai kuwa ci ba.

Kowace ƙasa da irin abin da take yi wa waƙar da ta shigo mata. Mutanen Chadi suna jan ta kamar raƙumi mai kaya, na Kumasi ba sa barin ƙafa ta huta, 'yan bandiri kuma da ƙirji suke yin ta. Amma akwai abu ɗaya da ban ga wanda ya iya cirewa ba. Bayan layi na biyu sai kowa ya ɗan yi shiru, kamar numfashi guda, kafin a shiga na uku. Mai sarewa yana yi, mai bigila yana yi, ba wanda ya san dalili. Asabe ce ta gaya mini: a nan ne mai niƙa ke sakin ɗan dutsen ta ɗebo tsaba ta ƙara. Duk inda na ji shirun nan, ko a wace ƙasa, hannun Inna nake gani yana shiga ƙwaryar gero. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Sai dai in ƙara wa mai kiɗan kyauta, yana mamakin wannan Alhaji mai son waƙa.

Da aka ba mu jiha, Dutse ta zama babban birni, na ajiye doguwar hanya na dawo gida. Garin a lokacin duwatsu ne da gonaki da ma'aikatan da aka kwaso daga Kano suna neman ɗakin haya. Na sayi tifa ina jan yashi, na zauna kusa da Inna, wadda ta ƙi barin ƙauye bayan rasuwar Malam. Asabe kuma ta zama uwar kiɗan ƙwarya ta yankinmu. Ba suna, ba biki, daga Aujara har Taura, da ba a aiko mata da goro. A ƙarshen shekarun nan ne 'yan fim suka ɗauki waƙar. Suka sa mata fiyano, suka bar amshin, suka canza sauran: saurayi da budurwa suna bin juna cikin furanni, ita tana karya wuya tana cewa furarta ta kwana. Ta cika ko'ina. Mai shayi, ɗan acaɓa, gidan kallo, ba inda ba ka ji. Yaran da aka haifa a maƙwabtan Inna ma suka tashi da sanin waƙar fim ce.

Sai shari'a ta zo. Ina so ku sani ina cikin waɗanda suka yi murna, da ƙafata na je taron da aka yi a Dutse, na yi kabbara har muryata ta dushe. Na zauna a garuruwan da giya ta cinye mazaje, na san abin da muke gudu. A ƙauyenmu aka kafa kwamitin gyaran tarbiyya, shugabansa Malam Hudu, wanda ya yi karatu a zauren mahaifina, mutum mai gaskiya, sai dai samarin da ke ƙarƙashinsa jininsu na tafasa. Wata rana ana suna a gidan wani mahauci, Asabe da 'yan amshinta suka ɗauko “Fura Ta Kwana”. Samarin suna wucewa suka ji, suka aika aka kwaso ƙoren duka. Hukuncin da aka yanke shi ne ranar Juma'a bayan an sauko, za a fasa su a ƙofar Dagaci, Asabe kuma ta tsaya ta ce ta tuba daga koya wa matan aure waƙar batsa ta 'yan fim. Mace mai 'ya'ya mata uku da ba su yi aure ba.

Na kwashi kaset-kaset ɗin da na tara a tafiye-tafiyena na tafi wurin Malam Hudu. Bai yarda na kunna ko ɗaya ba. Na yi masa bayanin Injamena da Garwa da Kumasi, na ce waƙar ta girmi masu fim ɗin, har 'yan bandiri suna bege da ita.

Ya ce, “Alhaji, kada ka kawo mini 'yan bandiri, su ma muna da magana da su. Ban ƙaryata ka ba. Amma kai ka ji a Kumasi, yaran nan sun ji a gidan kallo, kuma sun ji a bakin Asabe. Shari'a da shaida take tafiya. Ka ce tamu ce, to wa ya yi ta? Kawo mini shi, ko wanda ya ga an yi.”

Tsofaffin matan ƙauye duk sun sani, amma ba wadda za ta buɗe baki ta ce matar liman ce ta yi waƙar da ake rawa da ita a otal. Mutum ɗaya ne zai iya faɗa, kuma faɗar na nufin ta tsaya gaban maza ta yarda cewa ta yi kewar ɗan farinta har ta yi masa waƙa. A wurin mace irin Inna, wannan daidai yake da ta fito kasuwa ba mayafi. Na san abin da zan roƙa, na kuma san nauyinsa. Na auna shi da tsayuwar Asabe a ƙofar Dagaci, na tafi gida.

Na tarar da su a rumfa da la'asar, Inna tana tsince wake a faifai, Asabe na gefe. Na zauna nesa, na fuskanci rumbu, kamar yadda na saba, na fara magana da Asabe.

Inna ta ce, “Asabe, tambayi baƙon nan ko a Kumasi haka ake shigo wa mutane da zance ba a sha ruwa ba.”

Na sha ruwa. Na maimaita abin da Malam Hudu ya ce, kalma da kalma.

Asabe ta ce, “Yaya, na ce maka a bar maganar nan. Ƙwarya ce fa. Duma ake shukawa, wata ta fito.”

“Duma zai fito. Amma wa zai zo neman auren 'yar wadda ta tuba daga batsa a ƙofar Dagaci?”

Inna ta ci gaba da tsintar wakenta. Can ta ce, “A ce masa matar liman ba ta waƙa. Niƙa take yi, bakinta yana taya hannunta.”

“To a ce wa matar liman abin da bakinta ya taya hannunta ya je ƙasashen da ba ta san sunansu ba, ya sa manyan maza kuka. Yanzu kuma zai kai 'yarta gaban jama'a.”

Hannunta ya tsaya a cikin waken. Ta gane na sani, ta kuma gane na daɗe da sani. Ta juya ta yi wa Asabe wani kallo, Asabe ta sunkuyar da kai, mace mai furfura, kamar yarinyar da aka kama da hannu a tukunyar miya.

“Bakin nan naki ba ya riƙe ko ruwa. In na je, shi ma zai je?”

Asabe ta ce, “Ba wani namijin da zai raka ki sai shi, Inna.”

“To Allah ya sa ya kurmance ranar.”

Ranar Juma'a zauren Dagaci ya cika, har waje. An jera ƙoren a tsakiya, ga taɓarya an jingine. Na shigo a gaba, Inna a baya da sandarta, Asabe na riƙe da ita. Malam Hudu na ganin ta ya miƙe, ya zo ya durƙusa ya gaishe ta.

Ta ce, “Hudu, kai ne mai fasa ƙore yanzu? Waɗanda ka fasa mini kana ɗebo ruwa ba su ishe ka ba?”

Dattawa suka yi dariya, shi ma ya yi. Aka shimfiɗa mata tabarma. Ba ta jira an tambaye ta ba, ta ce ita ta yi waƙar, a kan dutsen niƙan da har yanzu yana bayan ɗakinta, tun kafin a san wani abu wai shi fim a ƙasar nan. Malam Hudu ya sa Asabe ta faɗi kalmomin yadda take yin su a biki, ba tare da rerawa ba, ya sa ɗaya daga cikin samarin ya faɗi na fim ɗin. Saurayin ya fara, ya kai wajen furanni, kunya ta kama shi ya tsaya. Kowa ya ji ba ɗaya ba ne. Amma wani mai tsinin gemu a cikinsu bai gamsu ba.

“Hajiya, a yi haƙuri. Ko a naki ɗin ai namiji ake jira. Wane ne wanda ba kya kira? In Malam ne, sirrin aure ne aka fitar kasuwa.”

“Malam yana zaure yana koya wa ubanka baƙi, ina zan jira shi? Furarsa ba ta taɓa kwana ba.”

Malam Hudu ya gane inda aka dosa. Ya dube ni, ya ɗaga hannu ya ce ya isa haka, shi ya gamsu.

Inna ta ce, “Bar shi, Hudu. Shaida kuka ce, kuma ba a ba da rabin shaida.” Ta gyara mayafinta, ta kafa ido a kan taɓaryar nan. “Akwai wani a gidanmu da mota ta ɗauke yana ɗanye, ba a san inda yake kwana ba, ba a san abin da yake ci ba. Ni na haife shi. Ban taɓa kiran sa ba, ba kuma yau zan fara ba. Shi nake jira. Yana jina.”

Ba wanda ya dube ni, kuma na gode musu da hakan har yau. Na taɓa tsayawa gaban sojan da ya ɗora mini bindiga a ƙirji a hanyar Chadi, bai yi mini nauyin tsayuwar zauren nan ba. Mai tsinin gemun ya sunkuyar da kai ya ce a yafe masa. Malam Hudu ya yanke cewa a mayar wa Asabe ƙorenta, mata su yi waƙarsu a cikin gida tsakaninsu, ba lasifika, kuma da kalmomin Inna, ba na fim ba. Samarin da suka kwaso ƙoren su suka ɗauke su a ka suka kai har ƙofar ɗakin Asabe. 'Ya'yanta uku duk sun yi aure da mutuncinsu, kuma a bikin kowacce an yi “Fura Ta Kwana” har ƙwarya ta yi zafi.

Inna ce ta biya. Labari ya zaga, matan ƙauye suka fara kiran ta Inna Mai Fura, tsararrakinta suna tsokanar ta a gidan gaisuwa, wai ashe dutse ma yana kuka. Ta daina fita sai dole. Ni kuma ɗan zaman da muke yi a rumfa, ina kallon rumbu tana magana da bango, shi ma ya ƙare. Da ta ji tsayuwar motata sai ta shige ɗaki ta saki asabari, in durƙusa a waje in yi gaisuwa, ta amsa daga ciki. Haka muka yi har Allah ya karɓi abarsa. Asabe ta ce tun daga ranar zauren ba ta sake jin ta tana rera waƙar ba, ko a hankali, ko ita kaɗai.

Wasu daga cikin dangi sun ce da na bari an fasa ƙoren da ya fi, ƙwarya ba ta kai kunyar tsohuwa ba. Ban yarda ba a lokacin, ban yarda ba yanzu. Ba wanda ya ɗauki Inna ya kai ta zauren nan, da sandarta ta je, kuma ba wanda ya tilasta ta ƙarasa maganar da aka ce ta bari. Na ji waƙarta da kukuma, da sarewa, da bigila, da bandiri, da fiyano, na ji ta da harsunan da na iya da waɗanda ban iya ba. Daga bakin mai ita ne kaɗai ban taɓa ji ba, domin ba ta yin ta sai ba na nan. Ban ɗauki hakan asara ba. Duk mawaƙan nan kalmominta suka samu, ni kuwa a gaban mutanen garinmu ta ce da ni take. Allah ya ji ƙan Inna, ya shayar da ita daga abin da ya fi fura.